Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Ɗaukar Hoton Tsuntsaye Da Namun Dawa A Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayen ƙungiya, shugaba da 'yan kwamiti, 'yan uwa maza da mata, da ƙannenmu ɗalibai da suka shigo bana, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar daga Janairu zuwa Disamban 2025, kamar yadda tsarin mulkinmu ya ɗora wa sakatare. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro, don haka ba ya cikin wannan takarda. Muna gode wa Allah da duk fitar da aka yi bana, ta kan ruwa da ta tudu, kowa ya koma wa iyalinsa lafiya.

A taron ƙarshen bara an tsayar da abu biyu. Na farko, kowane mamba ya riƙa ɗaukar hoton duk wata halitta da ke zuwa tsakar gidansa ko layinsu, ya rubuta rana da unguwa. Na biyu, mu daina yawon ɗanɗano daga wannan wuri zuwa wancan, mu zaɓi wurare kaɗan a bakin tafki mu riƙa komawa can rani da damina. Da yawanmu sun fi ɗokin na biyun, saboda shi ne mai kwalekwale da manyan tsuntsaye. Amma da na zauna da kundin hotunan shekara ina jera su wata-wata, sai na tarar aikin tsakar gida ya ba mu abin riƙewa fiye da yadda kowa ya zata, kuma da shi zan fara.

Abin da tsakar gida ta bayar

Galibinmu a gidan haya muke, a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago da Sabo ta Ikorodu. Tsakar gidan siminti ce, igiyar shanya da tankin ruwa da janareta sun cinye ta, wani gidan ma gwanda ɗaya ce tak a jikin katanga. Ranar da aka kawo shawarar, ɗaya daga cikin dattawanmu ya tambaya, me za a ɗauka a irin wannan wuri in ban da ƙadangare da hankaka? Hotunan da suka riƙa shigowa zaurenmu na WhatsApp ne suka ba Baba amsa. Kurciya a kan wayar lantarki ta zo daga kusan kowace unguwa. Baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke tsintar tsaki a inda aka wanke shinkafa, ta zo daga Agege da Idi-Araba. Ragon maza ya fito daga ciyawar kangon da aka fara gini aka bari. Daga Obalende aka turo wani shuɗin tsuntsu mai jan baki yana zaune kan eriya, ɗan gidan masu kamun kifi ne amma abincinsa fara da ƙananan ƙadangaru, shi ya sa ake ganinsa nesa da ruwa. Daga Ikorodu aka samu hawainiya da kurege, daga Agiliti kuma guza a bakin kwata bayan wani ruwan sama mai ƙarfi da aka yi a Yuli.

Mata ne suka ɗauki nauyin wannan aiki, kuma ya kamata a faɗa a rubuce. Lokacin da tsuntsu ya fi sakin jiki shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, kuma a lokacin yawancin maza sun riga sun kama hanyar kasuwa ko tasha. Wata Hajiya daga cikin iyayenmu na Agege ta ajiye kasko da ruwa a gindin gwandarta tun Janairu, ta sa kujerarta a ƙofar ɗaki, ba ta matsar da ita ba duk shekara. Da wayar hannu kawai ta haɗa mana jerin hotunan da babu kamarsa a kundin bana: wane tsuntsu ne ke fara zuwa, wane ne ke wanka wane ne ke sha ya tashi, da yadda zuwansu ya ragu da ruwa ya sauka a Afrilu suka samu sha a ko'ina, ya sake yawaita da hunturu ya shigo. Duk wanda zai yi koyi da Hajiya ya tuna da sharaɗin da ta bi, na zubar da ruwan a wanke kaskon kullum ko bayan kwana biyu, domin sauro cikin kamar mako guda yake ƙyanƙyashewa ya tashi, kuma ba ma so a ce ƙungiya ta kawo wa maƙwabta zazzaɓi.

A watan azumi, wanda ya kama Maris, mun dakatar da fitar nesa. Ba a yi asara ba, don mutane da yawa ba sa komawa barci bayan asuba, kuma hotunan tsakar gida na wannan wata sun fi na kowane wata yawa.

Abubuwa biyu sun faru da nake so su zauna a tarihin ƙungiya. Na farko a Ikorodu ne, inda marai suka mamaye wata bishiyar kwakwa a harabar wani gida kusa da masallaci. Wanda ya san marai ya san hayaniyarsu da kashinsu, da yadda suke tsage ganyen bishiya su bar ta tsirara. Mai gidan ya kira mai sara. Wani matashinmu da ke haya a gidan ya riga ya shafe makonni yana ɗaukar su, sai ya zauna da Alhaji ya nuna masa a waya yadda namijin ke tsago zaren ganye da baki ya ƙulla shi ya saƙa, yadda yake rataya da ƙafa a ƙasan sheƙar yana kaɗa fukafukai don macen ta zo ta duba, da yadda yake warware wadda ba a karɓa ba ya sake sabuwa. A hoton ƙarshe ana ganin bakin 'ya'ya a ƙofar sheƙa. Alhaji ya ce a bari sai sun tashi. An rage bishiyar daga baya, amma babu ɗan tsuntsu ko ɗaya da ya faɗo. Allah ya saka masa da alheri.

Na biyu mujiya ce a silin wani shagon hatsi a Mile 12. Yaran layin sun taru da duwatsu, kowa ya san abin da ake faɗa a kan mujiya tun muna yara. Mambanmu da ke da rumfa kusa ya roƙi a ba shi kwana ɗaya. Ya tattaro dunƙulen da mujiya ke amayarwa a ƙarƙashin inda take kwana, ya farfasa su a kan farar takarda ya ɗauka. Gashi ne da ƙasusuwa da haƙoran ɓera. Mai shagon da kansa ya ce wanda ke kashe masa ɓera kyauta ba za a jefe shi a shagonsa ba. Wannan hoto ba shi da kyau ko kaɗan a ido, amma a wurina yana cikin mafi amfanin abin da aka ɗauka bana.

Game da ƙadangaren da Baba ya ambata, shi ne ya zama malamin sababbin shiga. Yana zaune wuri ɗaya a rana, yana barin mutum ya matso in ya yi a hankali, jan kan namijin kuma yana ƙara fitowa idan rana ta gasa shi. A kansa yara suka koyi durƙusawa su daidaita waya da idon dabba, su sa rana a bayansu, su daina jawo hoto da yatsa har ya dagule. Wanda ya iya ƙadangare ba ya shan wahalar kurciya.

Bakin tafki

Wurare huɗu muka tsayar: bakin ruwan Jami'ar Legas a Akoka, gaɓar Oworonshoki inda gadar Third Mainland ta taso, gaɓar Ikorodu kusa da tashar jiragen ruwa, sai tafkin Ologe da ke wajen Ijanikin a hanyar Badagry, domin 'yan uwanmu na Alaba Rago da Okokomaiko waɗanda zuwa Akoka ke cinye musu rabin yini.

Wanda ya taso ya san Tiga ko tafkin Chadi sai ya sake karatu a nan. Tafkin Legas bakinsa a buɗe yake da teku ta mashigar jiragen ruwa, kogin Ogun kuma yana zuba masa ruwan daɗi daga arewa. Da rani, idan kogi ya ja baya, ruwan teku ke rinjaye gishiri ya ƙaru. Da damina ruwan kogi ke kore shi. Ban da wannan, ruwan yana hawa yana sauka kowace rana tare da teku. Saboda haka gaɓa ɗaya fuska biyu gare ta a shekara, fuska biyu kuma a yini, kuma wanda ya zo sau ɗaya ya tafi bai ga komai ba. Mun koyi duba lokacin janyewar ruwa kafin mu sa ranar fita, don sai laka ta bayyana tsuntsaye ke sauka kiwo.

Daga Janairu zuwa Maris lakar Akoka da Oworonshoki cike take da baƙi. Akwai ƙaramin nan mai ruwan ƙasa da farin ciki da ke tafiya a bakin ruwa yana kaɗa bindi ba hutawa, akwai babba mai dogon baki lanƙwasasshe da ke zaro ƙaguwa daga rami. Waɗannan a arewacin Turai da Rasha suke yin ƙwai, su tsallako teku da hamada su yi hunturu a nan, su juya wajen Afrilu, su dawo wajen Satumba. Da aka gaya wa ɗalibanmu haka, sun daɗe suna kallon tsuntsun da a da suke wucewa ba su ɗaga kai ba. Tare da su akwai 'yan gida: zalɓe mai toka-toka da farin maƙogwaro da ke tsayawa kamar an dasa shi, da baƙin tsuntsun nan mai nutso da ke hawa kan turke ya baza fukafukai su bushe, da mai kamun kifi baƙi da fari wanda ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗa ruwa da ka. Shi wannan na ƙarshe ya fi kowa ba masu kyamara wahala. Abin da ya yi aiki shi ne lura da cewa yana komawa kan sanda ɗaya bayan kowane nutso ya buga kifin a jikinta, sai a saita kyamara kan sandar a jira shi. A cikin lakar kanta akwai ƙaguwa mai hannu ɗaya babba da kifin nan mai idanu a saman ka da ke rarrafe a wajen ruwa, kuma masu waya sun fi masu manyan kyamarori samun su, saboda su sun yarda su kwanta a ƙasa. A Akoka birai na nan a cikin itatuwan gaɓa, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a waje cikin ruwa, kuma sukan fito da sassafe.

Da damina ta kankama sai kainuwa ta rufe gaɓar Ikorodu. Wannan daban take da kainuwar tafkunan gida da ake wa kirari da dashen Allah. Ita mai shuɗin fure ce, asalinta Kudancin Amurka, kuma a 1984 ta shigo ruwan Legas ta rafin Badagry daga Jamhuriyar Benin. Tana toshe hanyar jirage, tana naɗe farfelar inji, tana hana masunta jefa taru. Ba ta jure gishiri, shi ya sa take yawaita idan ruwan daɗi ya rinjaya, musamman idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan ya gangaro ta kogin Ogun, abin da 'yan uwanmu na Isheri da Agiliti suka fi kowa sanin zafinsa, sannan ta ruɓe idan rani ya dawo. Mu kuma a kanta muka samu tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya kan ganye bai nutse ba. A Ologe, inda ruwan daɗi ne, wani malamin makaranta daga cikinmu ya ɗauki namijinsa yana tafiya da ƙafafu da yawa suna reto a ƙarƙashin fukafukansa. A wannan jinsi namiji ne ke kwanci da reno, kuma idan ya ji tsoro sai ya kwashe 'ya'yan a hammata ya gudu da su. Kwamiti ya zaɓi wannan a matsayin hoton shekara, kuma ban ji wanda ya yi jayayya ba. A Ologe ɗin dai muka ga kirinjijiya garke guda, waɗanda kukansu ya tuna wa 'yan Hadeja da Nguru gida.

Ba za mu iya wannan aiki ba sai da masunta, Ilaje da Egun, waɗanda ruwan nan gonarsu ce tun kakanni. Su suka nuna mana cewa rassan da suke kafawa a ruwa don kifi ya taru, su ne matattarar tsuntsaye da safe. Su suka koya mana a kashe inji tun daga nesa a ƙarasa da filafili. Wani dattijo a cikinsu ya ba mu labarin ayu, ya nuna mana irin ciyawar gaɓa da yake ci da alamar da yake bari. Ba mu ga ayu ba bana. Dabba ce mai kunya, ɗa ɗaya take haifa bayan dogon lokaci, doka ta hana kashe ta, kuma an yi yarjejeniya a ƙungiya cewa ko Allah ya nuna wa wani, ba zai bayyana wurin a fili ba. Mun wanke hotunan masuntan da suka yarda aka ɗauke su, mun kai musu har gida. Ina roƙon a ci gaba da wannan, domin mutumin da ya ɗauke ka a jirginsa ya cancanci fiye da kuɗin mai.

Akwai muhawarar da aka yi a zaure wadda ta ɗauki kwanaki, kan leda da robobi. Kusan duk hoton zalɓe da aka ɗauka a Oworonshoki akwai robar ruwa ko farar robar abinci a gefensa. Wasu suna ganin a yanke su ko a goge da manhaja don hoto ya yi kyau. Kwamiti ya tsaya a kan cewa hoton da zai shiga kundin ƙungiya ba a goge komai a cikinsa, kuma ina tare da wannan matsayi da zuciya ɗaya. Gwamnatin jihar ta haramta farar robar abinci a Janairun 2024, ta kuma fara tilasta haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya daga 1 ga Yulin 2025. Ko dokar za ta rage abin da ke taruwa a gaɓa, hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka shekara bayan shekara ne za su nuna, in ba mu share shaidar da hannunmu ba. Haka kuma wani kurmin itatuwan gaɓa da muka ɗauka a Fabrairu cike da zalɓe, da muka koma a Nuwamba yashi ne fari fat an cike wurin ana shirin gini. Hotunan biyu suna nan a kundi da ranakunsu. Ba mu da ikon hana kowa gini, amma in an tambayi me ke wurin a da, muna da amsa.

Ungulu

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a rahoton bana. Muna da mahauta da dillalan shanu a cikinmu, a mayankar Oko-Oba ta Agege da Kara da Alaba Rago. An roƙe su su riƙa ɗaga kai suna ɗaukar abin da ke shawagi a kan mayanka. Balbela ta zo da yawa, har da wadda kanta da ƙirjinta suka yi ruwan goro lokacin kwanci. Hankaka ya zo. Shirwa ta cika sama da rani, ta ragu ƙwarai da ruwa ya sauka, domin arewa take bi da damina, kuma a daidai lokacin ne ɗan uwan wani mambanmu ya turo mana hoton shamuwa daga Katsina. Har hidimar Babbar Sallah ta wuce a farkon Yuni, lokacin da yanka ya fi yawa, babu wanda ya turo ungulu ko ɗaya. Har Disamba haka.

Dattawan mahauta sun shaida mana cewa da ƙuruciyarsu korar ungulu ake yi daga kan rufin mayanka. Tun 2015 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa irin ungulun da muka sani a gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: guba da ake sa wa mushe, sare dogayen itatuwan da take sheƙa, da kuma kama ta ana sayar da kai da ƙafa da gashinta don magani da tsibbu. Gaskiya ce mai ɗaci cewa cikin masu wannan fatauci akwai 'yan uwanmu, kuma wasunmu sun san rumfunan. Ungulu ƙwai ɗaya take yi, don haka abin da aka kama ba ya saurin mayuwa. Ita ce kuma ke cinye mushe kafin ya ruɓe ya zama abincin karnuka da ƙuda. A Asabar ta farko ta Satumba, wadda ita ce ranar ungulu ta duniya, mun zauna da wasu shugabannin mahauta da masu maganin gargajiya. Ba mu je da zargi ba, mun je da hotunan sararin mayanka babu ita, muka tambaye su yaushe rabon su da ganinta. An yi shiru, sannan aka yi magana mai tsawo. Wani dattijo mai magani ya ce akwai itatuwan da iyayensu ke amfani da su a madadi, kuma ya yarda a sake zama. Wannan zama na biyu yana cikin abin da ke kan sabon kwamiti.

Sauran ayyuka

A hutun makaranta mun kai yara gandun Lekki na NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wanda aka kafa a 1990 a kan hekta 78. Sun hau gadar sama mai tsawon mita 401, sun ga birai da kunkuru, an kuma hana su ba birai abinci. A ranakun tsuntsaye masu ƙaura na duniya, 10 ga Mayu da 11 ga Oktoba, mun fita ƙidaya a Akoka da Ologe.

Wasu matasanmu sun fara tura bayanansu ga shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da ke Jos, ta fara a 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, mutum ya shafe aƙalla awa biyu a ciki yana shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser. Ta haka kurciyar Agege ke shiga lissafin masana. Wanda bai tabbatar da sunan tsuntsu ba ya turo hoton zaure tukuna kafin ya shigar.

An yi bita kan kula da kayan aiki, kuma abin da ya fi cin mutane shi ne fumfuna. Danshin Legas yana sa ta tsiro a cikin gilashin kyamara, in ta kama kuma gyaranta tsada ne. Kada a bar kyamara a jakar fata ko cikin kwaba da damina. A sa ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin tsotse danshi irin na kwalin sabon takalmi, a riƙa fito da ita tana shan iska, a goge ta bayan kowace fita kan ruwan gishiri.

Ƙa'idoji da matsaloli

Ƙa'idojinmu suna nan yadda suke, ina maimaita su ne don sababbin shiga. Ba a taɓa sheƙa, ba a yanke reshe don a ga ƙwai, ba a ɗaukar ɗan tsuntsu a hannu don hoto. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga tsuntsuwa tana kai-kawo saboda an ɗauke mata 'ya'ya, ya umarci a mayar mata da su. Ba a haska mujiya da filasha. Ba a taɓa jemage da hannu, ko da ya faɗo. Ba a sayen dabba a kasuwa don a ɗauke ta a sake ta, domin kuɗin da aka biya shi ke tura mai tarko komawa daji, kuma wannan ya haɗa da aku, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun taron 2016 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dawa da tsirrai. Ba a shiga kwalekwale sai da rigar ruwa, ba a kuma kaiwa magariba a kan ruwa. Ba a juya kyamara cikin gidan maƙwabci, ko tsuntsun da ke can ya kai me kyau.

Matsalar da ta fi yawa ita ce zargi. Bahaushe da doguwar kyamara a bakin gada ko gaɓar ruwa yana jawo tambaya, kuma an tare mambobinmu an tambaye su, wani wurin ma wasu samari sun nemi kuɗi kafin su bari a ɗauka. Abin da ya taimaka shi ne katin shaidar ƙungiya, da fara kai gaisuwa wurin Baale, wato mai unguwa a wurin Yarbawa, ko shugaban masunta kafin a fito da kyamara, da tafiya da wanda ke jin Yarbanci, da nuna wa mai tambaya hotunan da ke ciki ba tare da gardama ba. A nisanci barikin soja da tashar jiragen ruwa ta kaya da duk inda aka rubuta hani. Jirgi maras matuƙi kuma ba a tashinsa sai da izinin hukuma, kuma ƙungiya ba ta da wannan izini. Tsadar mota da man jirgi ta sa an haɗe wasu fitar, baje kolin hotuna da aka shirya yi a Agege kuma an ɗaga shi zuwa baɗi saboda kuɗin wanke hotuna.

Abin da ke gaba

Kwamiti yana kawo wa babban taro waɗannan shawarwari don amincewa: a ci gaba da wuraren nan huɗu ba tare da ƙari ba, a ɗauki hoto ɗaya daga tsayuwa ɗaya a kowannensu duk wata, a sayi madubin hangen nesa na ƙungiya da za a riƙa ba mata da ɗalibai aro, a zauna da dattawa a rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa kamar yadda Sakkwatawa da Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa ke kiransu, a haɗa kowane suna da hotonsa, a yi zama na biyu kan ungulu kafin azumi, a ajiye kundin hotuna a wuri biyu don kada lalacewar kwamfuta ɗaya ta tafi da aikin shekara.

Duk wanda ke da hotunan 2025 a wayarsa da bai turo ba, ya turo kafin ranar taro, da rana da unguwa a jikin kowanne, ko da yana ganin hoton bai fito ba. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga ma'aji. Muna yi wa mambobin da suka yi rashi bana ta'aziyya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Za a sanar da wuri da lokacin babban taro a zaure, kuma a wannan zama ne za a zaɓi sabon kwamiti.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa